Yadda za ka sa Windows a sabon faifai ba tare da ka rasa fayil ko ɗaya ba

Wani ƙanena da ke ajin ƙarshe a jami'a ya taɓa tara kuɗi ya sayi SSD, wato faifan ajiya na zamani mai sauri, don laftof ɗinsa ta HP sai ta yi minti huɗu tana nishi kafin ta buɗe. Ya kai wa mai gyara ya ce a sa masa Windows a sabon faifan, a bar tsohon yadda yake, domin babi huɗu na furojet ɗinsa da hotunan bikin yayarmu duk suna ciki. Mai gyaran ya ɗaura sabon, tsohon na nan a wurinsa. Da aka zo wajen zaɓar inda Windows zai zauna, allon ya jero layuka bakwai, Drive 0 da Drive 1 da ɓangarorinsu, hankalin mutumin kuma na kan wani kwastoma da ke cinikin caja. Ya danna Delete sau huɗu a kan wanda bai kamata ba. Na ga fuskar yaron nan da ya dawo gida da magariba, kuma ba na fatan in sake ganin irinta. Babi biyu muka tsamo daga imel ɗin da ya tura wa malaminsa, sauran sai da ya zauna ya rubuta daga farko.

Tun ranar nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni abu guda: kafin ka fara sa Windows a sabon faifai, cire tsohon daga cikin kwamfutar, ka ajiye shi a kan tebur. Faifan da ke kan tebur babu maɓallin da zai goge shi. Duk sauran bayanin nan shiri ne domin wannan matakin, da kuma abin da ke biyo bayansa.

Fara sanin kwamfutarka

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32. A shafin da zai buɗe, duba layin BIOS Mode. In ya ce UEFI, kwamfutar na kan tsarin zamani, kuma sabon faifan zai ɗauki tsarin GPT. In ya ce Legacy, tana tashi ne a tsohon tsari na MBR, wanda ba ya wuce tera 2. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera daga 2012 zuwa yau suna da UEFI ko da wanda ya sayar maka ya bar ta a Legacy, don haka za ka iya sauyawa a cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, bayan ka cire tsohon faifan. A wannan shafin kuma za ka ga ainihin samfurin kwamfutar da irin Windows ɗin da ke kai, Home ne ko Pro. Rubuta su a takarda.

Sai maganar wane Windows za ka sa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11, da ya fito a Oktoban 2021, yana buƙatar TPM 2.0, wato wata 'yar na'urar tsaro da ke cikin kwamfutar, da UEFI, da RAM giga 4 aƙalla, da wurin ajiya giga 64, kuma a ɓangaren Intel sai furosesa ta zubi na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin laftof na hannu da ke kasuwanninmu 'yan zubi na huɗu zuwa na bakwai ne. In taka na cikinsu, ko dai ka ci gaba da Windows 10 da sanin cewa gyaran tsaro na yau da kullum ya tsaya, ko ka gwada Linux Mint ko Ubuntu. Matakin cire tsohon faifai ɗaya ne a dukkansu, sauran bayanin kuma na Windows ne.

Faifan da za ka saya ma sai ka duba ramin da kwamfutar ke da shi. Akwai SSD mai faɗin inci 2.5 da ke shiga inda tsohon faifai mai juyawa yake, gudunsa wajen mega 550 a daƙiƙa. Akwai kuma siriri mai kama da cingam, M.2, shi kuma iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowane rami ne ke karɓar duka biyun ba. Nemi samfurin kwamfutarka a shafin kamfanin da ya ƙera ta kafin ka ba da kuɗi. Kada ka sayi abin da bai kai giga 256 ba. In ka sa shi ka ga Windows na nuna 238, ba cutarka aka yi ba, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows.

Abin da za ka kwashe tun tsohon Windows na raye

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Mutane na ɗauka tunda tsohon faifan ba za a goge shi ba, komai zai dawo. Takardu da hotuna da bidiyo za su dawo. Amma akwai abubuwan da ke ɗaure da tsohon Windows ɗin kansa, in ba ka kwance su yana raye ba, daga baya sai ka ga fayil a gabanka amma ya ƙi buɗuwa.

Na farko kuma mafi haɗari shi ne BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi. Kwamfutoci da yawa, musamman Dell da HP da Lenovo da suka fito daga ofisoshin Turai da Amurka, da kuma sababbi masu Windows 11, faifansu a kulle yake ba tare da mai ita ya sani ba. Muddin faifan na cikin kwamfutarsa kuma shi ke tayar da ita, makullin na buɗuwa da kansa. Da zarar ka mayar da shi faifai na biyu, sai ya nemi lambobi 48. In ba ka da su, babu mai gyaran da zai buɗe maka, daga Kano har Legas. Buɗe Command Prompt a matsayin mai cikakken iko, wato Run as administrator, ka rubuta:

manage-bde -status

In ka ga Protection On, ko ka ga kason da aka kulle ya wuce sifili, sai ka bi shi da:

manage-bde -protectors -get C:

Zai nuna maka lambobin, rukuni takwas, kowanne shida-shida. Rubuta su da biro, ka kuma ɗauke su hoto da waya. In faifan na da D, maimaita masa. Ni dai na fi son in kashe BitLocker ɗin gaba ɗaya in jira ya gama warwarewa, ko da zai ci awa biyu, kwamfutar na jone da wuta.

Na biyu, kalmomin sirri da ke cikin Chrome ko Edge. Waɗannan an kulle su ne da asusun tsohon Windows, saboda haka kwafe foldar Chrome zuwa sabon ba zai dawo da su ba. Ko dai ka shiga da asusunka na Google ka kunna Sync, ko ka je wajen kalmomin sirrin ka zaɓi Export. Fayil ɗin da zai fito a fili yake, kowa na iya karantawa, don haka da ka gama shigar da shi a sabon Windows sai ka goge shi.

Na uku, OneDrive. Duba foldarka ta Documents da Desktop. Duk fayil ɗin da ke da alamar gajimare a gefensa, sunansa kawai ke kan faifan, shi kansa yana intanet. In ba ka tuna kalmar sirrin asusunka na Microsoft ba, yau ce ranar nemo ta.

Na huɗu ya shafi masu rubutun Hausa musamman. In kana da tsofaffin takardu da aka buga da font ɗin Rabi'at ko Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar don haruffa masu lanƙwasa, to kwafe su daga C:\Windows\Fonts zuwa filash. In babu su a sabon Windows, za ka buɗe littafinka ka ga "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Rubutun bai lalace ba, font ɗin ne babu, amma nemo shi daga baya kan zama aiki.

Na biyar, direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Wi-Fi da sauti da firinta su yi aiki. Ƙirƙiri folda mai suna direbobi a filash ɗinka, in filash ɗin E ne sai ka rubuta a Command Prompt ɗin nan:

pnputil /export-driver * E:\direbobi

Wannan layi ɗaya ya sha cetona. Sabon Windows kan tashi wani lokaci ba tare da direban Wi-Fi ba, kuma ba ka da hanyar sauko da shi tunda babu intanet.

Sai ka ɗauki hoton jerin manhajojin da ke kwamfutar, domin su ba a kwafe su, sai dai a sake sa su ɗaya bayan ɗaya. In kana amfani da Outlook, nemo fayil masu ƙarewa da .pst. In kana da manhajar lissafin shago ko ta makaranta, shiga cikinta ka yi Backup daga can, kada ka dogara da cewa za ka gano inda ta ɓoye bayananta.

Bayan duk wannan, abin da ka san in ya ɓata za ka yi kuka, kwafe shi a wuri na biyu: filash dabam, ko waya, ko Google Drive mai ba da giga 15 kyauta. Tsohon faifai mai juyawa, faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta ishe shi. In kuwa ka riga ka fara jin yana ƙas-ƙas, ko manhajar CrystalDiskInfo ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, to ka bar komai ka fara kwashe kayanka yanzu.

Filash ɗin sa Windows

Nemi filash na giga 8 ko fiye, wanda ba shi ne ka zuba direbobi da ajiya a ciki ba, domin za a share shi tas. Je shafin Microsoft ka sauko da Media Creation Tool, ka bi tambayoyinsa, ka zaɓi USB flash drive. Zai ja sama da giga 5, don haka yi shi inda intanet ke da ƙarfi ko da dare lokacin data mai rahusa. In kana da fayil ɗin ISO, wato kwafin Windows a fayil guda, manhajar Rufus za ta rubuta maka shi a filash, ka zaɓi GPT da UEFI. Ka guji Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima da ake yawo da shi a filash daga shago zuwa shago, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma a kwamfutar nan kake shiga asusun bankinka.

Da ka gama, kashe kwamfutar kana riƙe da Shift lokacin da kake danna Shut down. Windows na da ɗabi'ar yin rabin barci maimakon mutuwa sosai, riƙe Shift na sa ya rufe faifan yadda ya kamata.

Cire tsoho, sa sabo

Cire caja. In batirin na waje ne, zare shi. In na ciki ne, da ka buɗe murfin ƙasa ka fara zare wayarsa daga bod, wato babban allon da kayan cikin kwamfutar ke kai, kafin ka taɓa komai. Danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wutar ta fita, ka taɓa wani ƙarfe kafin ka sa hannu, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara lantarki har ka ji tas in ka taɓa ƙofar mota. Notunan ka jera su a faranti yadda ka ciro su, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda abin da ke sama.

Faifai mai inci 2.5 zare shi ake yi a hankali daga bakinsa. M.2 kuwa noti ɗaya ke riƙe da shi, in ka kwance sai ya ɗago da kansa, ka zare. Sabon ma a karkace ake tura shi, sannan a kwantar a ɗaure. A kwamfutar tebur ba sai ka ciro tsohon ba, zare wayoyinsa biyu ya wadatar.

Ban da kare fayilolinka, akwai dalili na biyu da ya sa nake nacewa a kan cire tsohon, wanda ko masu gyara da yawa ba su lura da shi ba. Windows na ajiye fayilolin da ke tayar da kwamfuta a wani ɗan ƙaramin ɓangare da ake kira EFI. In mai sa Windows ya tarar da irin wannan ɓangaren a tsohon faifai, sau da yawa ba ya ƙirƙirar sabo, sai ya yi amfani da wancan. Komai zai yi ta tafiya lafiya har wata shida, ranar da ka cire tsohon faifan ko ya mutu, sai kwamfutar ta ce No bootable device, alhali Windows na nan lafiya lau a kan sabon. In sabon faifan ne kaɗai a ciki, dole Windows ya gina masa nasa.

Wasu ƙananan laftof ajiyarsu a like take da bod, ba ta ciruwa. A nan sai ka duba ko BIOS na ba da damar kashe ta. In babu, rubuta girman kowane faifai tun kafin ka fara, ka bambance su da girma ba da lamba ba, domin Drive 0 da Drive 1 na iya musanya wuri.

Sa Windows ɗin

Tabbatar batiri ya cika ko kana kan wutar da ba za ta ɗauke ba. Kwamfutar tebur kuwa kada ka fara ba UPS ko janareta. Sa filash, kunna, ka yi ta danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo da Acer, Esc a yawancin laftof na Asus. Zaɓi filash ɗin, wanda aka rubuta UEFI a gabansa in ya fito sau biyu.

In ya nemi lambar lasisi, danna I don't have a product key. Lasisin Windows 10 da 11 na ɗaure ne da bod ɗin kwamfuta, ba da faifai ba, don haka in na gaskiya ne zai dawo da kansa da zarar ka hau intanet, muddin ka sa iri ɗaya da na da. Shi ya sa na ce ka rubuta Home ne ko Pro. A kwamfutoci da yawa ma ba zai tambaya ba, zai karanto lambar daga bod.

A tsohon tsarin allon za ka zaɓi Custom. A sabon na Windows 11 za a sa ka yi alama a wani akwati da ke cewa ka yarda za a goge komai. Yi alamar hankali kwance, komai naka na kan tebur. Allo na gaba zai nuna layi ɗaya tal, Unallocated Space. Zaɓe shi ka danna Next, ba sai ka yanka komai da hannu ba.

In allon ya fito babu faifai ko ɗaya, kada ka yi saurin cewa an sayar maka da mataccen SSD. A laftof masu Intel zubi na 11 zuwa sama wannan ya zama ruwan dare, direban Intel RST ne babu. Sa filash ɗin da ka zuba direbobi, danna Load driver, ka nuna masa foldar.

A kan SSD aikin ba ya wuce minti ashirin zuwa talatin. Da kwamfutar ta sake tashi karo na farko, zare filash ɗin. Windows 11 zai nemi intanet da asusun Microsoft. In Wi-Fi bai fito ba, jona wayarka da kebul ka kunna USB tethering. Ka kuma sani cewa sabon Windows 11 kan kulle sabon faifan da BitLocker da kansa in ka shiga da asusun Microsoft, saboda haka sake rubuta umarnin manage-bde ɗin nan na biyu ka adana sababbin lambobin. Bari Windows Update ya gama, ka kashe ka kunna sau biyu ko uku, ka tabbatar sabon faifan na tashi shi kaɗai.

Dawo da tsohon

Hanya mafi aminci ita ce ka sayi ɗan akwatin USB da ake sa faifai a ciki, ka jona shi kamar filash bayan Windows ya tashi. In kana son ya zauna a ciki, mayar da shi raminsa, ko a tsofaffin laftof ka cire na'urar DVD ka sa shi a madadinta da abin riƙe faifai, wanda ke zuwa da kauri biyu, milimita 9.5 da 12.7. Sannan ka shiga BIOS ka tabbatar sabon ne a saman jerin tashi.

Tsohon C yanzu zai fito da wani harafi, D ko E. In bai fito ba, danna Windows da R, rubuta diskmgmt.msc, ka danna dama a kan babban ɓangarensa ka ba shi harafi. A nan ka buɗe ido sosai: in wani saƙo ya fito yana cewa ka yi Format ko Initialize, danna Cancel. Ko sau nawa ya fito, Cancel. Sauri kan haifi nawa, kuma wannan saƙon ya cinye kayan mutane da yawa.

Kayanka na cikin foldar Users, ƙarƙashin tsohon sunanka. Windows zai ce ba ka da izinin shiga, danna Continue ka jira, in fayilolin na da yawa zai ɗan ɗauki lokaci. Kwafe Desktop, Documents, Downloads, Pictures da Videos. Kwafewa za ka yi, kada ka yi Cut, don in wuta ta ɗauke a tsakiya asalin na nan. Kunna Hidden items a ƙarƙashin View don ka ga AppData, inda manhajoji irin su Firefox da Thunderbird ke ajiye bayanansu. Leƙa kuma saman faifan kansa da foldar Public, mutane kan jefa abubuwa a can su manta.

Da ka gama, danna dama a kan kowace folda a ɓangarorin biyu ka duba Properties, adadin fayiloli ya zo daidai. Buɗe wasu da hannunka, tsohon hoto, takardar Word, bidiyo mai nauyi.

Kada ka goge tsohon faifan a ranar. Ba shi wata guda. A cikin watan nan ne za ka tuna da wata takardar shaida da ka ajiye a wani lungu, ko manhajar da ba ka tuna saitinta ba, kuma tunda tsohon Windows ɗin na nan daram, kana iya mayar da faifan ka tashi da shi ka ɗauko. In wata ya cika ba ka nemi komai ba, sai ka share shi a Disk Management ya zama rumbun ajiya. Masu SSD ƙarami na iya danna dama a kan Videos ko Downloads, su shiga Properties, sannan Location, sannan Move, su mayar da su kan tsohon faifan.

In ka riga ka sa Windows da faifai biyun a ciki

Gwada ka gani: kashe kwamfutar, cire tsohon, kunna. In ta tashi, ba ka da matsala. In ta ƙi, mayar da tsohon ka tashi yadda ka saba, ka buɗe Command Prompt mai cikakken iko, ka rubuta diskpart. Wannan gyaran na kwamfutar da ke kan UEFI ne. Rubuta list volume, ka gano lambar C, sannan ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana sa lambar taka a madadin 2:

select volume 2
shrink desired=300
create partition efi size=260
format quick fs=fat32
assign letter=S
exit
bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

Layin ƙarshe ne ke rubuta fayilolin tashi a kan sabon faifan. Kafin ka danna Enter a layin format, rubuta list partition ka ga alamar tauraro na kan ɗan ɓangaren nan mai mega 260, ba wani ba. Kuma duk wanda ya ce ka rubuta clean a cikin diskpart alhali tsohon faifanka na jone, kada ka rubuta, kalmar nan na share tsarin faifai gaba ɗaya ba tare da ta tambaye ka ko ka tabbata ba. Bayan bcdboot ya ce ya yi nasara, kashe kwamfutar, cire tsohon faifan, ka sake kunnawa. In BitLocker ya nemi lambobinsa 48 a tashin farko, ɗauko takardar da ka rubuta lambobin sabon faifan ka shigar.